Sa Hannun Inna

Dutsin-Ma,
Juma'a, 11 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Gwaggo Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yaran gida da ɗalibanki na firamare. Yaya Kurfi, yaya aikin kaka? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Ma'u, 'yar marigayi Malam Abdullatif na Barkiya, wanda kakarsa da kakarki uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sau biyu kawai muka haɗu. Na biyun ranar sadakar ukun Baba ne, kika same ni a bayan rumbu, kika ba ni biro mai jan murfi, kika ce in wani abu ya dame ni in rubuto miki. Shekara uku ke nan. Biron ya daɗe da ƙarewa, amma ban manta maganar ba. Yanzu ina aji shida a makarantar kwana ta 'yan mata. Ba a barinmu da waya, shi ya sa na roƙi Malam Usaini mai gadinmu ya kawo miki, tunda duk Juma'a yana zuwa gida Kurfi ya dawo Lahadi.

Na ce lafiya lau a sama don haka ake fara wasiƙa. Gaskiya ba ni da lafiya, Gwaggo. Wani abu ne yake zuwa mini. Daga tafin hannuna yake farawa, ya jiƙe da gumi, sai gabana ya faɗi, sai in ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Numfashi ya ƙi shiga. In riƙa jin muryoyi daga nesa kamar ina cikin rijiya. A lokacin ba na shakkar mutuwa zan yi. Bayan kamar minti goma sai ya sake ni, ya bar ni da gajiya da kunya.

Tun zangon da ya wuce ya fara, muna tsaye a taron safe. Ba abin da ya faru, ba wanda ya yi mini komai. Kowa tambayarsa, me ya same ki, ni kuma ba ni da amsa. Yanzu tsoron kada ya zo ya fi zuwan nasa damuna. Na koma kujerar baya kusa da ƙofa, wani lokacin ko ɗakin cin abinci ba na shiga saboda cunkoso. Wata ƙawata ta ba ni ƙwaya da yayarta ta sayo a kemis, na sha, na yi barci a darasin lissafi har malam ya tsayar da ni a gaban aji. Ban ƙara sha ba.

A ƙarshen Nuwamba za a yi mana rajistar jarrabawar fita, a ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. Wanda ba ya nan ranar, sai baɗi. Ina so in zauna jarrabawar nan. Ko kin san inda ake maganin irin wannan?

Don Allah kada ki gaya wa Baffa Garba. Inna kuwa, kin san ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa. Ban san ta inda zan fara ba.

Taki,
Ma'u Abdullatif

*

Kurfi,
Lahadi, 13 ga Oktoba

Ma'u 'yata,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, duk muna lafiya. An gama yankan gero, dawa ake jira. Yaya zan manta da yarinyar da ta ƙi cin tuwo sai da kowa ya juya mata baya? Rubutunki ya yi kyau, har na nuna wa 'yan ajina bayan takardar don su ga yadda ake tsayar da layi. Cikinta ban nuna ba.

Na karanta sau uku, kuma hankalina bai kwanta ba. Abin da yake zuwa ya danne mutum, ya sa shi jin muryoyi, sannan ya sake shi, ai mu nan mun san sunansa, ba sai na rubuta shi a takarda ba. Akwai tsamiya ko kuka kusa da ɗakin kwananku? Kina wanka da almuru? Ki daina. Kada ki zubar da ruwan zafi ba bisimilla, kuma ki riƙe addu'o'in safe da yamma. Kin kyauta da kika bar ƙwayar kemis.

Kin ce kada in gaya wa Baffanki. Ma'u, tun da mahaifinki ya rasu shi ne ubanki, kuma irin wannan ba a ɓoye wa manya, gara a tare shi da wuri. Zan san yadda zan yi ba tare da an tayar da hankalin kowa ba. Ki bar mini.

Ga ƙuli-ƙuli da garin kwaki nan na ba Malam Usaini. Ki ƙirga ƙullin, biyu ne, don na ga yana kallonsu.

Gwaggonki,
Larai

*

Dutsin-Ma,
Juma'a, 18 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina yi miki sallama da gaisuwa, a gaishe mini da kowa. Saƙo ya iso, ƙulli biyu cif. Allah ya saka da alheri. Jiki da sauƙi, sau ɗaya ya zo a makon nan.

Ina jin ban rubuta da kyau ba. Ba muryoyin da babu su nake ji ba. Muryoyin 'yan ajinmu ne da suke kusa da ni, sai dai su yi mini nisa. Ba na fita hayyacina, na san sunana, na san inda nake. Addu'a kuwa ina yi tun kafin ki faɗa, kuma ba zan bari ba. Don Allah ki dakata da maganar Baffa har ki gama karanta wannan.

Ranar Talata abin ya same ni a layin famfo, aka kai ni wurin Sista Felicia, nas ɗin makarantarmu. Mutuniyar Binuwai ce, amma ta fi shekara ashirin a Dutsin-Ma, Hausarta har da karin Katsina. Ta auna ni, ta saurari ƙirjina, ta sa aka duba jinina. Ta ce, "Ma'u, zuciyarki ƙalau take, ta fi tawa ma. Kin san ranar da 'yar aji ɗaya ta kaɗa ƙararrawa ba lokaci ba, makaranta duka ta fito? To haka jikinki yake yi. Ƙararrawar tsoro ce take kaɗawa alhali ba abin tsoro." Ta ce ciwon fargaba ne, mutane da yawa suna da shi, kuma ana samun sauƙi. Gwaggo, da na ji yana da suna sai na fashe da kuka.

Na tambaye ta inda ake magani. Ta fara tura ni wurin malamar ba da shawara ta makaranta. Mutuniyar kirki ce, amma ita kaɗai ce ga mu duka, kuma tana koyar da Turanci. Ta ce in cire damuwa a raina in dage da karatu. Na ce to. Sista ta ce akwai babban asibiti a Katsina, sai dai zuwa da dawowa yini guda ne, kuma makaranta ba za ta riƙa sakina ba. Sannan ta ambaci wata Malama Jannat, wadda ta karanci wannan fanni, take zuwa wani asibiti a nan cikin gari ranar Alhamis, duk bayan mako biyu. Ita ba allura take yi ba. Zama ake yi da ita a yi magana, ta koya wa mutum yadda zai yi da numfashinsa da tunaninsa idan abin ya taso. In ta ga ana bukatar ƙwaya, sai ta haɗa mutum da likita.

Na ce, "Sista, magana kawai?"

Ta ce, "Ke da sai an yi da gaske ake jin muryarki? Ai ke maganin zai fi yi wa ɗaci."

Ga inda matsalar take. Shekarata goma sha bakwai, don haka dole uwa ko uba ya zo zaman farko ya sa hannu. Makaranta ma ba ta fitar da ɗaliba sai ga wanda sunansa yake littafinta, ni kuwa suna biyu ne a nawa: Baffa da Inna. Na tambaya ko ke za ki iya, aka ce a'a.

Malama Jannat za ta zo ranar 24. Me kike gani?

Taki,
Ma'u

*

Dutsin-Ma,
Juma'a, 8 ga Nuwamba

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji shiru. Ni ina nan yadda kika sani.

Yau mako uku da na rubuto miki. Malam Usaini ya yi rashin lafiya bai zo aiki ba sai ranar Litinin. Na je bakin ƙofa na gaishe shi, na tambaya ko akwai saƙo, ya ce babu, ko kallona bai yi ba. Malama Jannat ta zo ranar 24 ta koma, ta sake zuwa jiya ta koma. Daga tagar ajinmu ana hango hanyar asibitin.

Shekaranjiya shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ce Baffa ya yi mata waya, ranar ziyara, 24 ga wata, zai zo ya tafi da ni gida. Za a kai ni wurin Malam Kamilu in yi kwana arba'in ana yi mini karatu da turare. Ta ce ta gaya masa rajista ranar 26 ce, ya ce lafiya ta fi jarrabawa. Ta ce ita ba ta da ikon hana uba ɗaukar 'yarsa. Ina fitowa daga ofishin abin ya kama ni a baranda, a gaban 'yan aji ɗaya. Yanzu in na wuce sai su matsa gefe. Akwai wadda ta daina ɗibar ruwa da bokitina.

Gwaggo, abu ɗaya na roƙe ki. Ba rashin kunya nake miki ba, na san alheri kika nufa. Amma na yi miki bayani a wasiƙa ta biyu, kika yi shiru. In kin ga maganar asibitin shirme ce, gara ki faɗa mini, zan ɗauka. Shirun ne ba na iyawa, don kaina yakan cika shi da abubuwa marasa kyau.

Ba ni da abin da zan ce game da Malam Kamilu sai alheri, shi ya yi wa Baba salla. Amma kwana arba'in daga 24 ga Nuwamba ya kai Janairu.

Ma'u

*

Kurfi,
Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ma'u,

Amincin Allah ya tabbata gare ki. Muna lafiya, sai ni da kunya ta hana ni cin abinci tun shekaranjiya.

Wasiƙunki biyu tare suka zo. Ranar da kika ba Malam Usaini ta farkon zazzaɓi ya kayar da shi tun a mota, takardar ta kwana mako uku a aljihun rigarsa. Da ya tuna, kunya ta hana shi gaya miki. Ya tsaya a ƙofar gidana yana ta ba da haƙuri, na ce masa ya shigo layi, ni ce a gaba. Tun ranar 14 ga Oktoba na je Barkiya na gaya wa Baffanki, kuma yadda na fahimta na gaya masa, ba yadda kika rubuta ba. Ni malama ce, kullum ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa. Ki yafe mini.

Jiya Asabar na koma da wasiƙarki ta biyu a hannu. Na same shi a masussuka, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Larai, ke kika zo kika ce iska ce, yau kuma kin zo kin ce ƙararrawa ce. Gobe me za ki ce?" Na ce kuskure na yi. Ya ce, "Wannan mata da ake zama da ita, ba masu taɓin hankali take gani ba? In aka ga 'yar ɗan'uwana a layin nan, sunan zai bi ta har ƙannenta. In magana ce magani, ai da ke ba ki taɓa ciwo ba." Na haɗiye, don na ci a faɗa mini. Ba mugunta yake yi ba, Ma'u, tsoro yake ji, kuma har ya kai wa Malam Kamilu kaji biyu. Ya ce ba zai sa hannu ba, kuma ranar ziyara yana nan zuwa.

Daga nan na shiga wurin Innarki. Tana tankaɗe. Na zauna na karanta mata wasiƙarki ta farko, har da wurin tafin hannu da turmi, sannan na gaya mata maganar sa hannu. Da na kai wurin tafin hannun ta tsayar da rariya, sannan ta ci gaba. Har na gama ba ta ce komai ba. Da zan tafi ta tambaye ni ko wace rana ce matar take zuwa, na ce Alhamis ta sama, 21 ga wata. Ta ce, "Allah ya kyauta." Shi ke nan abin da na samo.

Ban daina ba. Ki ci abinci.

Gwaggonki,
Larai

*

Dutsin-Ma,
Juma'a, 15 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, na kuma gode. Ni ce zan nemi gafara, na yi miki zargin da ba ki ci ba. Na gaishe da Malam Usaini da jiki, ya ba ni goro, ban san me zan yi da shi ba.

Na karanta wurin Inna sau da yawa. Ban yi mamaki ba. Tun ina ƙarama in za ta aike ni sai ta ce wa bango, "A ɗebo ruwa." In na yi zazzaɓi kakata ce take zama a kaina, Inna tana daga ƙofa. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar nan kowa ya yi guɗa, ita ta shiga madafa. Na san al'ada ce, na san ba a nuna son ɗan fari a gaban mutane. Amma Gwaggo, a ɗakin nan ku biyu ne kawai. An karanta mata cewa 'yarta tana jin za ta mutu, ta ci gaba da tankaɗe. Wataƙila in mutum ya daɗe yana ɓoye abu, wata rana sai ya duba ya ga babu shi.

Kada ki ƙara wahalar da kanki da hanyar Barkiya, ba ta da kyau. Na fara haɗa littattafaina. Zan bar wa ƙawata na kimiyya, in tafi da na lissafi. Sista Felicia ta ce baɗi ma shekara ce. Na ce haka ne, amma mun san 'yan mata nawa ne suke komawa gida su dawo.

Taki,
Ma'u

*

Kurfi,
Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ma'u 'yata,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Ki kwance littattafan nan tukuna.

Kin karanta shirun Innarki kamar yadda na karanta wasiƙarki ta farko, da sauri. Khalil ɗana na fari shekararsa ashirin da shida, ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Ranar da ya faɗi a babur, maƙwabciyata ce ta yi kuka a asibiti, ni ina tsaye ina gyara mayafi. Da na koma gida na kasa kunna ashana. Ba na cewa al'adar daidai ce ko ba daidai ba. Ina gaya miki ne abin ba ya ɓacewa.

Jiya da hantsi ina wanki sai ga sallama. Innarki ce, ita kaɗai, ta hau motar kasuwa. Rabonta da Kurfi tun kafin rasuwar mahaifinki. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta ce, "Yaya Larai, ƙirjina yana damuna. Ina so ki raka ni asibiti."

Na ce, "Ga asibiti nan bayan tasha, tashi mu je."

Ta ce, "Na Dutsin-Ma nake so."

Na ce, "To gobe."

Ta ce, "Alhamis."

Na dube ta, ita kuma tana duban tabarma. Na ce, "Ko akwai wanda za mu biya wa a can?" Ta ce, "Ke kika san gari." Ta ce ta gaya wa Baffanki za ta je ganin likita, bai hana ba, don ba a hana matar marigayi neman lafiya.

Ba ta ambace ki ba ko sau ɗaya, kuma ban san abin da za ta yi in mun isa ba. Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Amma ki gaya wa Sista Felicia ta nemi izini a ofis, ki wanke kayan makarantarki, ki kasance kusa da ƙofa da ƙarfe tara.

Gwaggonki,
Larai

*

Dutsin-Ma,
Juma'a, 29 ga Nuwamba

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya ranar nan, kuma gajiya ta bi lafiya. Ban rubuto makon jiya ba don ina jiran in ga abin da Lahadi za ta zo da shi. Daga makaranta nake rubuto miki.

Har yanzu Malam Usaini yana ba da labarinku. Wai ya ce wa Inna, "Hajiya, wa kike nema?" ta ce 'yar aji shida. Ya ce su ɗari da ashirin ne, sunanta fa? Ta yi shiru. Ya ce to sunan mahaifinta, nan ma ta yi shiru, tunda sunan miji ne. Ya ce da ba ki buɗe baki ba da har yanzu kuna tsaye.

Kun yi saurin tafiya don ku riski mota kafin la'asar, ban samu na gaya miki abin da ya faru bayan an bar ki a benci ba. Ɗakin ƙarami ne, kujera uku da tebur. Malama Jannat ba ta kai ki shekaru ba. Ta gaishe da Inna, sannan ta ce, "Mama, yaushe kika fara lura da ciwon Ma'u?" Na san an yi mata tambayar da ba za ta iya amsawa ba. Inna ta dubi ƙasa har na fara jin gumi a hannuna.

Sai ta ce, "Ni dai nawa daga tafin hannu yake farawa."

Malama ta ajiye biro. Inna ta ci gaba, a hankali, ba ta dubi kowa ba. Ta ce sai gabanta ya faɗi, sai ƙirji ya yi nauyi, sai muryar mutane ta yi nisa. Ta ce ya fi kama ta a gidan biki da wurin awo, shi ya sa ba ta zuwa, mutane suna cewa girman kai ne. Ta ce in ya taso takan shiga madafa ta dafa randa da hannu biyu har ya wuce. Gwaggo, madafa. Ranar da na ci jarrabawa, gidanmu cike yake da mata masu guɗa.

Malama ta ce tun yaushe. Ta ce, "Shekara goma sha bakwai. Tun haihuwar fari." Malama ta ce ta taɓa gaya wa wani? Ta ce an sani a da, an yi abin da za a yi, daga baya ta ce ta warke don a huta.

Aka kawo takarda. Inna ta dangwala yatsa a tawada ba tare da ta tambaya ko ta mece ce ba. Sannan ta ce, "A yanka mini nawa katin." Malama ta ce wace rana za ta fi mata sauƙi. Ta ce, "Duk ranar da kika ba wasu, ni ma ita. Kada a yi ta wahalar da ke." Malama ta yi murmushi ta rubuta.

Bayan nan aka fitar da Inna, muka zauna ni da Malama kusan awa ɗaya. Sista ta yi gaskiya, da ɗaci. Malama ta koya mini in ja numfashi a hankali in sake shi ya fi jan tsawo, ta ce in riƙa rubuta inda abin ya same ni da abin da na zata zai faru da abin da ya faru. Ta ce in koma ɗakin cin abinci, ko da bakin ƙofa ne da farko. Ta ce ba ta yi mini alkawarin zai tafi gobe ba. Bai tafi ba, ya zo ranar Asabar. Amma na zauna, na ƙirga, ban gudu ba.

Ranar Lahadi Baffa ya zo. Na fito da akwatina, don ban san matsayina ba. Muka gaisa a gindin darbejiya, ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ce, "Uwarki ta tuna mini wani abu da na so in manta. Shekarar da aka haife ki, ni na ɗauke ta a keke na kai ta wurin malam ta yi kwana arba'in. Sau biyu. Ni a zatona ta warke. Shekaranjiya ta ce mini yadda ta tafi da shi haka ta dawo da shi." Ya fito da gora daga aljihu, ya ce rubutu ne daga Malam Kamilu, kuma Malam ya ce addu'a ba ta bukatar a cire yaro daga karatu, tana isa inda aka aike ta. Ya ce, "Ki sha wannan, ki je wurin matar taku mai surutu. In an yi hutu zan duba ki da idona. Mayar da akwatin nan, kin tsaya kamar mai jiran mota." Ban ce ya yarda ba, amma ya tafi shi kaɗai.

Ranar Talata aka yi rajista. Da layi ya zo kaina hannuna ya jiƙe, na'urar ta ƙi ɗaukar yatsana har sau uku, mai aikin ya fara tsaki. Na roƙi minti biyu. Akwai randar malamai a baranda, na je na dafa ta da hannu biyu, na yi numfashin da aka koya mini, na goge hannuna na dawo. Ta ɗauka.

Akwai abin da ba ki gani ba lokacin da kika je tsayar da mai adaidaita. Inna ta ajiye katinta a kan bencin da ke tsakaninmu, ta ce wa bango, "Ni ban iya karatu ba. A riƙe, a riƙa duba mini ranar." Ta tashi ta bi ki.

Don haka ki gaya mata an duba. Alhamis ce, 5 ga Disamba, ƙarfe goma. Katunan biyu suna cikin littafina na lissafi. Nata lamba 214, nawa 215.

Taki har kullum,
Ma'u